Narambaɗa: mawaƙin da amshinsa ya fi na inji

Ku masu cika waƙa da Auto-Tune da eko a situdiyo, ku zo ku ji labarin Ibrahim Narambaɗa. A Tubali aka haife shi, nan yankin Shinkafi. Wai wata karyarsa ce mai suna Rambaɗa ta jawo masa laƙabin. Da kiɗan noma ya fara, daga baya ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa.

Ba makirfo, ba kwamfuta, to ina ya samo wannan amon? Kotso ne da 'yan amshi. Makaɗi ya matse tsarkiyar kotso, sauti ya hau, ya saki, ya sauka. Shi kuwa ya jefa baiti, kafin ya dire 'yan amshi sun cafe sun maido masa, su ƙara da nasu. Eko ke nan, amma mai hankali, don na inji maimaitawa kawai ya iya.

Ku saurari Bakandamiya da iyafis, wallahi duk da tsufan rikodin za ku ji. Ya rasu a farkon shekarun 1960. Allah ya jiƙansa.