TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI ROWLAND BINGHAM (1872–1942)

A wannan biki na cika shekara hamsin ya dace mu tuna da waɗanda suka riga mu ɗaukar bishara, kamar yadda Ibraniyawa 13:7 ta umarce mu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Rowland Bingham, wanda Ubangiji ya mora wajen kafa mishan ɗin SIM.

An haife shi a garin East Grinstead a ƙasar Ingila ran 19 ga Disamba, 1872. Ya karɓi Yesu yana ɗan shekara goma sha biyar ta wurin wa'azin ƙungiyar Salvation Army. Ba da jimawa ba ya ƙaura zuwa Kanada.

A birnin Toronto, cikin shekarar 1893, ya sadu da wata dattijuwa, mahaifiyar Walter Gowans. Ita ce ta ba shi labarin ƙasar Sudan, wato sunan da Turawa suke kiran dukan yankin da ke kudu da Hamada a wancan zamani, har da ƙasarmu. Ta gaya masa ɗanta ya riga ya tashi domin ya kai bishara can. Wannan magana ta hana Bingham sakat, har ya bi sawun Walter.

Ran 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka a Ikko: Gowans, Bingham da Thomas Kent, mutumin Amurka. Ba wata ƙungiyar mishan da ta tsaya musu, kuɗinsu kuma kaɗan ne. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, sai aka bar shi a Ikko domin ya riƙa aika wa 'yan'uwansa guzuri. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. A 1895 Bingham ya koma gida shi kaɗai.

Bayan komawarsa ya ɗan koyi aikin magani, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki, ya kuma zama fasto na wata ikkilisiyar Baftis a Newburgh, jihar New York. A 1898 ya auri Helen Blair. Ga aiki, ga iyali, ga albashi. Da ya zauna a nan har tsufansa, ba wanda zai zarge shi, gama ya riga ya gwada.

Amma Bingham bai manta ba. Ya riƙa tunawa da kaburbura biyu da ya baro a ƙasarmu. Ya tuna da uwar Gowans, wadda da ya kai mata kayan ɗanta ba ta yi da-na-sani ba, sai ma ta ci gaba da addu'a Allah ya tā da waɗansu su tafi. Ya auna zaman lafiyarsa da kiran da ya amsa tun farko, ya ga kiran yana nan daram. Sai ya tara 'yan'uwa a Toronto suka kafa majalisar mishan, ya ajiye aikin fasto tare da albashinsa, shi da amaryarsa suka dogara ga Ubangiji.

Wannan shawara ba ta kawo nasara nan da nan ba. A 1900 ya sāke sauka a Ikko, zazzaɓi ya sāke kama shi, aka mai da shi gida cikin 'yan makonni. Duk da haka ya shirya tafiya ta uku, ko da yake wannan karo waɗansu ne ya aika. A 1902 suka buɗe tasha ta farko a Patigi, bakin kogin Kwara. Daga nan aiki ya bazu, har a 1954 ikkilisiyoyin da aka haifa ta wurinsa suka haɗu suka zama ECWA.

Bingham ya shugabanci mishan ɗin daga Kanada har ƙarshen ransa, yana yawon neman ma'aikata da masu addu'a. Ubangiji ya kira shi gida a watan Disamba, 1942, saura shekara ɗaya aikin ya cika hamsin. Bai ga bikin ba.

Mu kam Allah ya bar mu mun ga namu. A cikinmu akwai waɗanda suke bakin yin ritaya, da matasa masu gama makaranta, da waɗanda suke jin kira zuwa aikin bishara amma tsoron barin albashi ya riƙe su. Kafin ka yanke shawara, ɗan'uwa, zauna ka yi abin da bawan Allah nan ya yi. Wane ne ya fara gaya maka labarin Yesu? Wane alkawari ka yi wa Ubangiji ran baftismarka? Wane aiki iyayenmu suka fara a wannan ikkilisiya wanda har yau ba a gama ba? Kai waɗannan gaban Allah cikin addu'a, ka kuma nemi shawarar dattawa.

Ubangiji ya ba mu alherin gama abin da aka danƙa mana. Amin.