Marigayi Abubakar Imam Da Hanyar Da Ya Zaɓa Wa Alƙalaminsa

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yau, a shekarar 1911, a gidan malanta da alƙalanci. Bayan ya ƙare Kwalejin Katsina sai ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta garin. Yana cikin wannan aiki ne, a 1933, Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa.

Abin kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne ga ɗan malamai. A zamanin nan rubutun da ake girmamawa shi ne na addini, da tarihi, da waƙoƙin wa'azi. Ƙagaggen labari kuwa, malamai da yawa sun ɗauke shi tatsuniya, watau hirar mata da yara da dare. Saboda haka duk wanda ya shiga gasar sai da ya tsaya ya auna irin labarin da zai sa sunansa a kai.

Kowa ya kama tasa hanya. Wansa, Malam Bello Kagara, ya jingina Ganɗoki da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ɗora Shaihu Umar a kan zamanin bauta. Jiki Magayi na John Tafida da East ya bi soyayya da ramuwar gayya. Shi kuwa Imam sai ya zaɓi ban dariya da abin al'ajabi, ya fito da Ruwan Bagaja, inda Alhaji da Malam Zurƙe ke ta ƙulla wa juna makirci gari-gari.

Ganin wannan baiwa ya sa aka gayyace shi Zariya a 1936, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A nan ne zaɓinsa ya tabbata. Bai nemi ya ja dogon labari guda daga farko har ƙarshe ba. Gajerun hikayoyi ya jera a bakin aku, kowace da darasinta. Ya ɗebo wasu daga Dare Dubu Da Ɗaya, wasu daga Indiya da Turai, ya sa musu riga da rawani, har mai karatu ya ɗauka a ƙofar fadar garinsu aka yi su. Da haka ya nuna wa masu shakka cewa raha ma tana iya ɗaukar gargaɗi, ta kai shi inda wa'azi bai isa ba.

Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi ne ya zama editanta na Hausa, daga nan alƙalaminsa ya karkata ga jarida, da tarihi, da addini. Tafiyarsa Ingila a 1943 ita ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya riƙe manyan muƙamai a gwamnatin Arewa.

Ya rasu a Zariya a 1981. Duk da yawan ayyukan da ya yi, in an ambaci sunansa yau, akun nan ne ke fara faɗo wa mutane a rai. Allah ya jiƙansa, amin.