Edmond Halley, Mutumin da Ya Bi Sawun Ruwan Sama

A nan Birnin Tsaba, da zarar bazara ta kama, idon kowa yana sama. Manomi ya gama sharar gona, ya fid da irin gero, yana jiran hadari. To, 'yan'uwana ɗalibai, wa ya taɓa tambayar kansa inda ruwan nan yake tasowa, alhali tsakaninmu da teku tafiya ce ta ɗaruruwan mil? Ga labarin wani Bature da ya yi wannan tambaya tun shekara 300 da wani abu da suka wuce.

An haifi Edmond Halley a birnin Landan na ƙasar Ingila a shekarar 1656. Mahaifinsa attajiri ne mai sana'ar sabulu. Tun yana yaro Allah ya ba shi kan lissafi da sha'awar taurari. Ya shiga Jami'ar Okusfod a 1673, amma bai jira ya gama ba. A 1676, yana ɗan shekara 20, sai ya shiga jirgin ruwa ya nufi tsibirin Sant Helena da ke tsakiyar Tekun Atalantika, don ya ƙidaya taurarin kudu waɗanda ba a gani daga Turai.

Can kuwa sai gajimare ya yi ta hana shi aiki. In ya hau dutse da dare, raɓa ta riƙa lulluɓe gilashin madubinsa, takardarsa ta jiƙe har ta ƙi rubutuwa. Duk da haka ya rubuta taurari 341. Wani da ya ji haushin raɓar ya wuce, shi kuwa sai ya riƙe abin a ransa: iskar teku mai ɗumi tana ɗauke da ruwa, in ta hau tudu ta yi sanyi sai ta sauke shi.

A 1686 ya buga taswirar iskokin da ke kaɗawa a tekunan ƙasashe masu zafi, ya tattaro labarinsu daga bakin matuƙan jiragen ruwa. A ciki ya yi bayanin gaɓar Afirka ta Yamma, inda iska take kaɗowa daga teku zuwa tudu. Dalilin da ya bayar shi ne rana tana gasa ƙasa fiye da yadda take gasa ruwa. Iskar da ke kan ƙasa ta yi zafi, ta yi sauƙi, ta tashi sama, sai ta teku ta kwararo ta cike gurbinta. Bai gano kome da kome ba, don sai a 1735 George Hadley ya nuna cewa juyawar duniya ita ke karkatar da iskokin.

A 1687 ya zuba ruwan gishiri a kasko, ya ɗumama shi daidai zafin bazara, ya auna abin da ya ragu. Da wannan ya lissafa cewa ruwan da rana ke kwashewa daga Bahar Rum kowace rana ya kusa ninka wanda koguna ke zuba masa sau uku. Ashe tururin teku ya isa ya ciyar da dukan koguna da idanun ruwa.

Wannan shi ne asirin daminarmu. Rana ta ɗumama tekun da ke kudu da Ikko, tururi ya tashi, iskar kudu maso yamma ta ɗauko shi. Shi ya sa mutanen bakin teku ke fama da gumi, ruwa kuma ya riga sauka gare su tun wajen Maris ko Afrilu, mu sai wajen Mayu ko Yuni. In damshin ya iso nan, zafin ƙasa ya ɗaga shi sama, ya yi sanyi, ya zama ƙananan ɗigo a jikin ƙura, shi ne gajimare. Ɗigon su haɗu su yi nauyi, su zubo. Iskar da ke can sama kuwa daga gabas take, ita ke koro mana hadari ta wannan gefe. Ruwan ya cika gulbin Gagare, ya bi ta Rima zuwa Kwara, ya koma tekun da ya fito.

Halley ne ya biya kuɗin buga babban littafin Isaac Newton a 1687. A 1705 ya ce tauraro mai wutsiya da aka gani a 1682 zai dawo wajen 1758. Ya rasu a 1742, yana da shekara 85, bai ga dawowarsa ba, amma tauraron ya cika alkawari, aka sa masa sunansa. An sake ganinsa a 1986, ana kuma sa ransa a 2061.

Saboda haka, in ka ga murfin tukunyar tuwo yana ɗigar da ruwa, dubi da kyau, ƙaramar damina ce a gabanka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.