Íñigo Noriega: Yaron kanti da ya ƙafar da tafki

An haifi Íñigo Noriega a 1853 a Colombres, wani ƙauye na yankin Asturias a arewacin Sifaniya.

Tun yana matashi ya yi ƙaura zuwa Meziko, inda ya fara da zaman yaron kanti, har ya zama hamshaƙin attajiri kuma aminin Shugaba Porfirio Díaz.

Shi ne ya janye ruwan tafkin Chalco, ya mai da wurin gonakin masara, lamarin da ya hana ƙauyawan yankin kamun kifin da suka gada.

Juyin juya halin da ya ɓarke a 1910 ya raba shi da dukiyarsa, ya kuma mutu a 1920.

Katafaren gidan da ya gina a Colombres a 1906, yanzu gidan tarihi ne na 'yan ƙaura, inda jikokinsu ke zuwa neman asalinsu.