AMIR ABDULƘADIR NA ALJERIYA, BARDEN DA SON ALLAH YA SA SHI JIN ƘAN BAYIN ALLAH

Cikin manyan mutanen da suka yi zamani da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai wani wanda ya kamata malamai da akawuna su san labarinsa, shi ne Amir Abdulƙadir ɗan Muhyiddin. An haife shi cikin shekarar 1808 kusa da garin Maskara, a yammacin ƙasar Aljeriya. Mahaifinsa shehi ne na ɗariƙar Ƙadiriyya, watau ɗariƙar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A zawiyar mahaifin nasa ya haddace Alƙur'ani, ya yi karatun fikihu bisa mazhabar Malikiyya, ya kuma gwanance da hawan doki. Yana saurayi ya raka mahaifinsa aikin Hajji, suka biya ta Dimashƙa da Bagadaza, inda suka ziyarci kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani.

Cikin 1830 Faransawa suka ci birnin Aljiyas. Bayan shekara biyu kabilun yammacin ƙasar suka yi wa Abdulƙadir mubaya'a, sa'an nan shekarunsa 24. Ya yi shekara 15 yana kai ruwa rana da su. Amma ko cikin ƙurar yaƙi bai mance da dokokin Allah ba. Ya hana mutanensa wulakanta wanda aka kama, ya kuma danƙa wa mahaifiyarsa kula da matan Turawa da suka faɗo hannunsa. Cikin 1841 ya yi musayar fursunoni da babban limamin Kirista na Aljiyas, mai suna Dupuch, daga nan kowa ya ga girman ɗan'uwansa.

Da ya ga yaƙin ba abin da zai ƙara sai halaka talakawa, ya ajiye takobi a watan Disamba 1847, bisa alkawarin za a bar shi ya yi hijira zuwa gabas. Aka saɓa alkawarin nan, aka tsare shi a Faransa kusan shekara biyar, har waɗansu daga cikin iyalinsa da mabiyansa suka rasu a gidan sarauta na Ambuwaz. Duk da wannan baƙin ciki, ya kan karɓi malaman Kirista su tattauna al'amarin addini cikin ladabi. Dupuch ɗin nan kuwa ya rubuta littafi yana roƙo a sake shi. Aka sallame shi cikin 1852, ya zauna a Bursa ta ƙasar Turkiyya, kana ya koma Dimashƙa cikin 1855.

A Dimashƙa ya duƙufa ga koyarwa da zikiri da nazarin littattafan Shehu Muhyiddin Ibnu Arabi. Abin da ya riƙa faɗa wa almajiransa shi aka tattara ya zama littafin Mawaƙif. Ainihin abin da ya ɗanɗana cikin ibadarsa shi ne, Allah ya fi ƙarfin duk yadda hankalin ɗan Adam zai siffanta shi, rahamarsa kuwa ta yalwaci dukan halitta. Saboda haka wanda ya ke son Mahalicci da gaske ba shi da ikon cutar abin da Ya halitta, ko da addininsu ya saɓa.

Ranar jarrabawa ta zo a watan Yuli 1860. Faɗan da ya tashi a duwatsun Lubnan tsakanin Duruzawa da Kirista ya tsallako Dimashƙa, 'yan tarzoma suka faɗa unguwar Kirista da wuta da takobi, dubbai suka halaka, gwamnan birni kuwa ya naɗe hannu. Abdulƙadir ya fita da mutanensa na Aljeriya, suka bi lungu lungu suna tsamo maza da mata da yara, har gidansa ya cika ya batse, ya riƙa tura saura zuwa ganuwar birni da rakiya. Da taron suka zo ƙofarsa suna neman ya miƙa su, ya fito ya tsaya, ya tuna musu cewa shari'a ta haramta jinin wanda ya ke cikin amana, ya ƙi ba da ko mutum guda. Ta haka dubban rayuka suka tsira, har da jakadan Faransa, ƙasar da ta ci amanarsa.

Faransa da Sarkin Istambul da Fafaroma duk suka aiko masa da lambobin girma. Shi kuwa ya amsa cewa bai yi kome ba face bin shari'ar Annabi da ba ɗan Adam hakkinsa. Ya rasu ran 26 ga Mayu 1883, aka rufe shi kusa da Ibnu Arabi. Cikin 1966, bayan Aljeriya ta sami mulkin kai, aka mai da gawarsa Aljiyas.

To, jama'a, a cikin ajinmu da ofisoshinmu akwai wanda addininsa ba namu ba ne. Abdulƙadir bai rage kome daga addininsa ba don ya faranta wa kowa, addinin ne ma ya tsai da shi bakin ƙofa ran nan. Allah ya jiƙansa, ya ba mu ikon riƙon amana, amin.