Babe Ruth: Gwarzon da aka sayar sau biyu, aka kyautar sau ɗaya

Duk lokacin da kasuwar cinikin 'yan wasa ta buɗe a Turai, gidajen kallon ƙwallo daga Potiskum da Fika har zuwa Kano da Sakkwato sukan kaure da gardama iri ɗaya: wace ƙungiya ce ke neman rabuwa da ɗan wasan da albashinsa ya yi mata nauyi, wa zai saya, kuma wa aka ƙwara a cinikin. Wannan gardama ta girmi talabijin. Cinikin da ya fi kowanne suna a wannan babi an ƙulla shi ne a Amurka a ƙarshen shekarar 1919, a wasan bezbol, kuma wanda aka sayar shi ne George Herman Ruth, wanda duniya ta fi sani da Babe Ruth.

Bezbol wasa ne na jifa da bugu, mutum tara a kowane ɓangare. Mai jifa zai wurgo ƙaramar ƙwallo mai tauri, mai bugu ya tare ta da kulki, sannan ya ruga ya zagaya tasha huɗu. Idan ya dawo inda ya tashi, ƙungiyarsa ta sami maki ɗaya. In kuwa ya maka ƙwallon har ta haure katangar fili, zai zagaya tashoshin a natse ba mai tare shi, da shi da duk abokansa da ke kan hanya. Wannan bugun haure-katanga shi ne ya zama sana'ar Ruth.

An haife shi ranar 6 ga Fabrairun 1895 a birnin Baltimore, iyayensa jikokin Jamusawa ne, mahaifinsa kuma mai mashaya. Cikin 'ya'ya takwas da aka haifa a gidan, shi da ƙanwarsa kaɗai suka rayu. Ya tashi gagararre, ba ya zuwa makaranta, sai yawon titi. Yana da shekara bakwai, a 1902, iyayen suka miƙa shi ga makarantar St. Mary's, gidan horon yara da malaman ɗariƙar Katolika ke gudanarwa. A can ya shafe mafi yawan shekara goma sha biyu da suka biyo baya. An koya masa ɗinkin riguna, kuma ya iya. Amma wani malami mai suna Matthias, ƙaton mutum mai sanyin magana, shi ne ya gano cewa hannun hagun yaron na da wata baiwa da ta wuce ta allura.

A farkon 1914 Jack Dunn, mai ƙaramar ƙungiyar Baltimore Orioles, ya ɗauke shi a kan dala 100 a wata. Ganin yarinta da rashin wayewarsa ya sa abokan wasa suka laƙaba masa Babe, wato jariri. Bai yi wata shida ba aka sayar da shi, kuma ba don wani laifinsa ba. Wata sabuwar ƙungiya ce ta buɗe fili dab da na Dunn ta kwashe masa 'yan kallo, asara ta taso shi a gaba, sai ya sayar da fitattun 'yan wasansa. Ruth ya faɗa hannun Boston Red Sox, ya yi mata wasan farko ranar 11 ga Yulin 1914.

Ba wanda ya tambaye shi ko yana so, domin doka ba ta bukaci haka ba. A kwantiragin kowane ɗan wasa na wancan zamani akwai sharaɗin da ya ba ƙungiya ikon riƙe shi shekara bayan shekara, ko da wa'adin takardar ya ƙare. Ƙungiya na iya sayar da shi ko ta musanya shi yadda ta ga dama. Shi kuwa makaminsa guda ne: ya ƙi fita fili, ya zauna gida ba albashi. Sai an riƙe wannan a rai sannan za a fahimci sauran labarin.

A Boston an fara saninsa ne a matsayin mai jifa, kuma na sahun gaba. A 1916 ya ci wa ƙungiyar wasa 23. Da shi Red Sox ta ɗauki kofin World Series, wato kambun zakarun ƙasar, a 1915 da 1916 da 1918. Sai dai mai jifa yakan fito ne sau ɗaya a kwana huɗu ko biyar, shi kuma Ruth kulki yake so ya riƙe kullum. A 1919 aka sakar masa mara, ya yi bugun haure-katanga sau 29, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa a kaka ɗaya.

A nan ne rigimar kuɗi ta kunno kai. A watan Maris na wannan shekara ya sa hannu a kwantiragin shekara uku a kan dala 10,000 kowace shekara. Da kaka ta ƙare ya ga yadda jama'a ke cika fili dominsa, sai ya nemi a ninka masa zuwa dala 20,000, in ba haka ba ba zai buga ba. Mai ƙungiyar, Harry Frazee, ɗan kasuwar wasan kwaikwayo ne da ya sayi Red Sox a 1916, kuma har lokacin bai gama biyan Joseph Lannin, wanda ya sayar masa, kuɗinsa ba.

Tarihi ya yi wa Frazee hukunci mai tsanani, amma adalci ne a dubi abin da ke gabansa a lokacin. Yana da ɗan wasan da ya yi watsi da takardar da ya sa wa hannu wata tara kacal da suka wuce. Yaron ba ya bin dokar kwana, ga shaye-shaye da yawon dare, ya sha yin cacar baki da manajan ƙungiyar, Ed Barrow, har ya taɓa yin fushi ya bar ƙungiyar na 'yan kwanaki a Yulin 1918. Duk da bugu 29 ɗin nan, Red Sox ta ƙare kakar 1919 a matsayi na shida cikin takwas. Idan aka ninka wa mutum ɗaya albashi, sauran ma za su biyo layi. Ƙari a kan haka, Frazee na takun-saƙa da Ban Johnson, shugaban gasar American League, kuma ƙungiyoyi biyar da ke bayan Johnson ba sa son hulɗa da shi. Masu saye biyu suka rage masa, Chicago White Sox da New York Yankees. Ko a kasuwar shanu ta Potiskum an san cewa wanda bashi ya koro, kuma masu taya shi ba su wuce biyu ba, ba shi ke yanke farashi ba.

Masu Yankees, attajirin giya Jacob Ruppert da abokinsa Tillinghast Huston, suna da kuɗi amma ƙungiyarsu ba ta taɓa ɗaukar kofi ba, ko filin kanta ba ta da shi. Ranar 26 ga Disambar 1919 aka sa hannu: dala 100,000, kashi huɗu, dala 25,000 a hannu, sauran a biya da kuɗin ruwa. Ba a taɓa sayen ɗan wasan bezbol da tsada haka ba. A gefe guda kuma Ruppert ya amince ya ranta wa Frazee kuɗin da ba su gaza dala 300,000 ba, aka jinginar da Fenway Park, filin Red Sox. Wato mai Yankees ya tafi da gwarzon abokin hamayyarsa, ya kuma riƙe takardar filinsa. Manajan Yankees, Miller Huggins, ya bi Ruth har Kalifoniya inda yake hutawa, aka daidaita a kan ƙarin da ya kai kuɗinsa dala 20,000 ɗin da ya nema. A farkon Janairun 1920 aka sanar da jama'a.

An daɗe ana yaɗa cewa Frazee ya sayar da Ruth ne don ya ɗauki nauyin wani wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe, No, No, Nanette. Wannan wasa bai hau dandalin Broadway na New York ba sai 1925. Abin da ba a gardama a kansa shi ne bashin da ke wuyan mutumin.

Kuskuren lissafin Frazee bai ɗauki lokaci ba ya bayyana. Ya auna Ruth da abin da yake ci, bai auna shi da abin da yake kawowa ba. A 1920 Ruth ya haure katanga sau 54, fiye da jimillar bugun kowace ɗaya daga cikin sauran ƙungiyoyi bakwai na gasarsu. A wannan kaka Yankees ta zama ƙungiya ta farko da ta sami 'yan kallo fiye da miliyan ɗaya a gida. A 1921 ya yi 59. Masu filin Polo Grounds, New York Giants, suka ga ɗan haya ya fi mai gida baƙi, zama ya ƙi daɗi, Yankees ta gina nata filin a unguwar Bronx. An buɗe Yankee Stadium ranar 18 ga Afrilun 1923, abokiyar karawar kuwa Red Sox ce, kuma Ruth ya haure katanga a ranar. A shekarar Yankees ta ɗauki kofinta na farko. A 1927 ya yi bugu 60, adadin da ya tsaya har 1961.

Halinsa bai canza ba, kuma waɗanda suka saye shi sun sani, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A 1925 ciwon ciki ya kwantar da shi makonni, daga baya Huggins ya ci tararsa dala 5,000 saboda karya doka. Amma shi ne kuma mutumin da ba ya gajiya da ziyarar asibitoci da gidajen marayu, wataƙila don bai manta inda ya fito ba. Albashinsa ya yi ta hawa, dala 52,000 a 1922, har dala 80,000 a 1930 da 1931, lokacin da shugaban Amurka Herbert Hoover ke karɓar dala 75,000 kuma miliyoyin Amurkawa ba su da aikin yi. Duk wannan bajinta an yi ta ne a gasar da ta rufe ƙofarta ga baƙar fata har zuwa 1947, abin da masu lissafin tarihi ba sa tsallakewa a yau.

Daga nan sai gangara. Jiki ya yi nauyi, ƙafa ta daina gudu, Ruppert ya shiga datse albashi: dala 75,000 a 1932, dala 52,000 a 1933, dala 35,000 a 1934. Abin da Frazee ya ji tsoro tun 1919, wato biyan kuɗi mai yawa ga ɗan wasan da ya fi ƙarfin manajansa, sai yanzu ya zama gaskiya, shekara goma sha biyar bayan haka, kuma a gidan wani. Ruth ya san ƙarshen wasansa ya zo. Burinsa ɗaya shi ne a ba shi manajan Yankees, kujerar da Joe McCarthy ke kai tun 1931. Ruppert na ganin wanda bai iya riƙe kansa ba ba zai riƙe wasu ba. Ya yi masa tayin ƙaramar ƙungiyar Newark don ya fara gwadawa a can, Ruth ya ɗauki wannan raini ne, ya ƙi.

Yankees ta shiga tsaka-mai-wuya. Ba za ta kori mutumin da ya cika mata fili shekara goma sha biyar ba tare da jama'a sun tsine mata ba, ba ta kuma son ci gaba da biyansa. Mafita ta zo daga Boston, amma daga ɗaya ƙungiyar birnin, Braves, wadda mai ita Emil Fuchs ke dab da durƙushewa yana neman abin da zai jawo 'yan kallo. Ed Barrow, tsohon manajan da suka sha rigima a Red Sox, a lokacin shi ke tafiyar da harkokin Yankees. Ranar 26 ga Fabrairun 1935 aka sanar cewa Ruth ya koma Braves. Wannan karo Yankees ba ta karɓi ko sisi ba. An ba shi muƙamin mataimakin shugaban ƙungiya da mataimakin manaja, aka kuma kwaɗaita masa cewa kujerar manaja na tafe.

Muƙaman na takarda ne. Abin da ake so daga gare shi shi ne ya fito a gan shi a sayi tikiti. Yana da shekara arba'in, ba ya iya bin ƙwallo a fili, har masu jifan ƙungiyarsa suka fara ƙorafi. Ranar 25 ga Mayun 1935, a filin Forbes na Pittsburgh, tsohon hannu ya motsa sau ɗaya: ya haure katanga sau uku a wasa guda, na ƙarshen ya tsallake rufin rumfar 'yan kallo ya fita waje. Shi ne bugunsa na 714. Da ya ajiye kulki a ranar, da labarin ya ƙare da kyau. Ya ƙara 'yan wasanni ba tare da ya taɓuka komai ba, ya yi faɗa da Fuchs, ya yi ritaya ranar 2 ga Yuni. Braves ta ƙare kakar da cin wasa 38 da faɗuwa 115.

A 1936 ya shiga cikin mutum biyar na farko da aka zaɓa a zauren karrama gwarazan bezbol. Ya yi aikin mai horarwa na 'yan watanni a Brooklyn Dodgers a 1938. Kiran da ya yi ta jira na zama manaja bai taɓa zuwa ba. A ƙarshen 1946 likitoci suka gano ciwon daji a bayan hancinsa da wuyansa. Ranar 13 ga Yunin 1948 ya tsaya a Yankee Stadium karo na ƙarshe, ya rame, yana dogara kulki kamar sanda, aka jingine lambarsa ta 3 har abada. Ya rasu ranar 16 ga Agustan 1948 yana da shekara 53. An ajiye gawarsa kwana biyu a ƙofar filin, dubun dubatar mutane suka bi layi suka yi masa bankwana.

Sharaɗin da ya sa aka yi ta cinikinsa ba da shawararsa ba ya rayu bayansa. Curt Flood ya ƙi yarda a musanya shi a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972, sai a 1975 wani mai sasanci ya karya lagon sharaɗin. Ƙwallon ƙafar Turai ba ta sami irin wannan 'yanci ba sai da hukuncin Bosman na 1995.

Red Sox kuwa, wadda ta ɗauki kofi biyar tsakanin 1903 da 1918, ba ta sake ɗauka ba sai 2004, bayan shekara 86, har magoya bayanta suka riƙa danganta abin da alhakin Ruth. Frazee ya sayar da ƙungiyar a 1923, ya rasu a 1929. A watan Yunin 2005 aka yi gwanjon takardar cinikin 1919 a New York, wani ya saye ta a kan dala 996,000.