Henri na Biyu: Yariman Faransa da aka ba da jingina yana yaro

Ranar 17 ga Maris, 1526, kwalekwale biyu suka haɗu a tsakiyar kogin Bidasoa, kan iyakar Faransa da Sifaniya. Ɗaya yana ɗauke da Sarkin Faransa, Faransuwa na Ɗaya, zai koma gida. Ɗayan yana ɗauke da 'ya'yansa maza biyu, za a kai su inda ya fito. Ƙaraminsu, Henri, saura mako biyu ya cika shekara 7.

Shekara guda kafin nan dakarun Charles na Biyar, Sarkin Sifaniya kuma shugaban Daular Rum Mai Tsarki, suka kama Faransuwa a yaƙin Pavia da ke Italiya. Don ya kuɓuta, ya sa hannu kan yarjejeniyar Madrid, ya yi alkawarin sallama yankin Burgundy, ya ba da 'ya'yansa jingina har ya cika alkawarin. Da ya taka ƙasarsa sai ya warware, bisa hujjar cewa tilasta masa aka yi.

Yaran ne suka ɗauki alhakin. Da farko an riƙe su da girmamawa irin ta 'ya'yan sarauta. Da yaƙi ya sake ɓarkewa aka raba su da barorinsu Faransawa, aka riƙa sauya musu wurin tsaro, har aka kai su ganuwar Pedraza. Abin da maza suka kasa, mata biyu suka warware a Cambrai a 1529: kakar yaran, Louise ta Savoy, da gwaggon Charles, Margaret ta Ostiriya. Aka yanke fansa ta tsabar zinariya miliyan 2, aka sako su ranar 1 ga Yuli, 1530, bayan fiye da shekara 4.

Henri ya dawo miskili, marar fara'a, kuma masana tarihi da dama na danganta hakan da zaman Sifaniya. Wansa ya rasu a 1536, shi kuwa ya hau gadon mulki a 1547. Da wuya a raba siyasarsa da wancan ƙuncin na yarinta. Ya riƙe ƙawancen da mahaifinsa ya ƙulla da Sarkin Daular Usmaniyya, Sulaiman, ya kuma haɗa kai da sarakunan Jamus masu adawa da Charles. A 1552 ya ƙwace Metz. Charles ya zo da kansa ya kewaye birnin, ya koma bai samu ba.

Baitulmali ya ƙare wa ɓangarorin biyu, aka yi sulhun Cateau-Cambrésis a 1559. Abin da aka ɗaure sulhun da shi kuwa 'yar Henri ce, Elisabeth, mai shekara 14, wadda aka aurar wa Philip na Biyu, ɗan Charles. A wasan sukuwar bikin, ranar 30 ga Yuni, mashin abokin karawarsa ya karye, tsinken ya shige masa ido. Ya rasu ranar 10 ga Yuli, yana da shekara 40.